Katagum: Gari da Koginsa

Duk wanda ya ji an ce Katagum a yau, Azare ce za ta faɗo masa a rai, domin can Sarki yake, can kuma hedkwatar Ƙaramar Hukumar Katagum take. Amma garin da ya ba masarautar sunansa yana can mil 43 arewa da Azare, a gaɓar kogin Jama'are, kuma shi ne hedkwatar wata ƙaramar hukuma dabam, wato Zaki, a Jihar Bauci. Ba a fahimtar yadda uwa ta koma 'ya sai an dubi kogin nan.

Malam Ibrahim Zaki, ɗaya daga cikin waɗanda suka karɓo tuta a zamanin Shehu Usmanu, shi ya kafa garin a tsakanin 1809 da 1814. Shi ne ya taɓa cin Birnin Gazargamu, ko da yake bai iya riƙe shi ba, saboda haka aka kira shi Sarkin Barno. Mutumin da ke da abokin gaba kamar Barno ba ya zaɓen mazauni don ni'ima kaɗai. Ruwan sama a wannan yanki na wata huɗu ne, daga Yuni zuwa Satumba, sauran shekara kuwa hunturu ne da bazara mai ƙuna. Amma kogin yana tasowa daga duwatsun Jos, ya kawo ruwan da ba a nan aka yi shi ba, ya malale fadamu. Da damina ya zama ganuwa wadda doki ba ya ƙetarewa. Da rani ya bar kifi, da makiyaya, da danshin shuka.

A watan Janairu 1824 Kyaftin Kilafaton da Likita Udni suka sauka a garin, zamanin Sarki Ɗankauwa, a kan hanyarsu daga Kukawa zuwa Kano. Kilafaton ya ga ganuwa biyu da ƙofofi huɗu, ya kuma ƙiyasta mutanen garin tsakanin 7,000 da 8,000, har da fatake da bayi. A nan ya fara ganin ana ciniki da wuri tun fitowarsa daga Barno, abin da ke nuna cewa kasuwar ta fi karkata ga Kano. Udni bai kai Kano ba. Ya rasu a Murmur bayan kwanaki kaɗan. Ba a jima ba Shehu Laminu ya kawo yaƙi har mutanen gari suka fice, sai da Yakubun Bauci ya tare shi. Bayan 1850 kuma Buhari Sarkin Haɗeja ya hana ƙasar sakat.

Garin ya jure wa duk wannan. Abin da bai jure wa ba shi ne zaman lafiya. Da Turawa suka ci Kano a 1903, tsaron iyaka ya daina amfani, sai ruwan da ke hana mahara shiga ya zama mai hana Di'o da haraji da gyaɗa fita. A 1916 aka mai da gadon sarauta Azare, a 1926 kuma aka cire masarautar daga Lardin Kano aka haɗa ta da na Bauci. Fada idan ta tashi ba ta tashi ita kaɗai: alƙali da malamai da maroƙa da masu sana'a duk sai su bi ta.

Ƙidayar 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Zaki mutum fiye da 190,000, amma ma'aikaci ya yi hattara da wannan adadi, domin mafi yawansu a ƙauyuka suke, Fulani da Hausawa da Barebari, manoma da masunta da makiyaya. An daɗe ana maganar gina madatsar ruwa a Kafin Zaki, can sama da garin, ba a kuwa kammala ba. Masu goyon baya suna nuni da ambaliya irin ta 2022 wadda ta yanke hanyoyi ta cinye gonaki. Masu noman fadama kuwa suna nuni da abin da ya sami fadamun Haɗeja bayan gina madatsar Tiga a 1974.