Masai Ujiri: yaron Zariya da ya kai kofin NBA ƙasar Kanada

Tarihinmu na yau ya shafi ƙwallon kwando, wadda muka fi sani da basket tun muna lakwal. Mutumin da za mu ba ku labarinsa bai taɓa buga wasa ko ɗaya ba a NBA, babbar gasar Amurka, amma shi ne ɗan Afirka na farko da ya zama babban manajan ƙungiya a cikinta. Kuma a ƙasar Hausa ya tashi.

An haifi Masai Ujiri a 1970 a Bournemouth ta Ingila, inda iyayensa ke karatu. Uban ɗan Najeriya ne, uwar 'yar Kenya. Yana ɗan shekara 2 suka dawo Zariya. Kamar yaranmu na nan, da ƙwallon ƙafa ya fara, sai da ya kai shekara 13 sannan ya koma basket. Abin da ya taimake shi abu biyu ne: akwai fili a garin, akwai kuma mai koyarwa, wani Ba'amurke mai suna Oliver Johnson da ya daɗe yana horar da matasa a Zariya. A lokacin ne kuma Hakeem Olajuwon na Legas ya shiga NBA a 1984, yaran Najeriya suka ga ashe abin mai yiwuwa ne.

Daga Zariya ya tafi Amurka, ya yi makaranta a Seattle, ya buga wa kwalejin Bismarck shekara 2. Daga nan ya ƙetaro Turai, ya yi kamar shekara 6 yana yawon ƙananan ƙungiyoyi a Ingila, Beljiyam da Jamus. Maganar gaskiya, bai yi suna ba. A 2002 ya ajiye wasa, ba kuɗi.

To, a nan labarin ya juya. Ƙungiyar Orlando Magic ta ɗauke shi aikin farautar 'yan wasa, amma ba albashi. Da kuɗin aljihunsa yake tafiye-tafiye, yana kwana wajen abokai, yana zama a bakin fili yana rubuta abin da ya gani. Denver Nuggets ta lura da idonsa, ta ba shi aiki na biya. Ya koma Toronto Raptors ta Kanada, sannan a 2010 Denver ta sake kiransa ta damƙa masa ƙungiyar. A 2013 aka zaɓe shi gwarzon manajojin NBA, a shekarar kuma Toronto ta maido shi.

Kada ku ɗauka duk wanda ya zaɓa ya yi kyau. A 2014 ya ɗauko wani ɗan Brazil mai shekara 18, Bruno Caboclo, a lamba ta 20, yaron da kusan ba wanda ya san shi. Dogo ne mai dogayen hannuwa, amma wasanni kaɗan ya buga wa Toronto kafin a sallame shi zuwa Sacramento a 2018. Wannan bai sa Ujiri ya daina leƙa inda wasu ba sa leƙawa ba. A 2016 ya ɗauki Pascal Siakam ɗan Kamaru a lamba ta 27, wanda shi ma a makare ya fara basket. A 2018 ya ba da DeMar DeRozan, ɗan gaban goshin magoya baya, ya karɓo Kawhi Leonard. Ya sha zagi fa. Ranar 13 ga Yuni 2019 Toronto ta doke Golden State Warriors, wasa 4 da 2, karon farko da kofin ya fita daga Amurka, Siakam na cikin waɗanda suka ɗauko shi. A Yunin 2025 Ujiri ya rabu da Toronto.

Tun 2003 ya kafa Giants of Africa, mai shirya sansanonin horo ga matasa, kuma a 2021 ta yi alkawarin gina filaye 100 a Afirka.

Yanzu mu dawo gida. Ku dubi samarinmu ranar kasuwa, daga Bune har Gure: Manga, Tubawa, Fulani, Hausawa. Dogaye ba su yi mana kaɗan ba. Da yawansu sun bar lakwal, wasu sun kama hanyar Libiya ko Jado, ba su taɓa jefa ƙwallo cikin kwando ba, balle wani ya ce masu suna da baiwa. Filin basket mita 28 ne a kan 15, kwandon kuma tsayin mita 3 da santimita 5. Daɓen siminti ne da ƙarfe biyu.

Ba mu ce fili zai kai kowa Amurka ba. Shi kansa Ujiri wasan bai kai shi NBA ba, sanin wasan ne ya kai shi. Amma inda ba fili, ba a samun ɗan wasa, ba a samun koci, ba a samun alƙalin wasa. Muna kira ga hukumar komin, malaman wasanni na kolej da 'yan uwanmu mazauna Damagaram da Yamai: a fara da fili ɗaya kusa da makaranta, a ba 'yan mata nasu lokaci. Wanda ke da shawara ya ajiye mana a ƙasa. Allah Ya raya mana matasanmu.