TARIHIN NOMAN RANI A KURA DA BUNKURE DA SANA'O'IN DA YA HAIFAR

Kafin zuwan madatsar ruwa, manomin ƙasar Kura da Bunkure damina kaɗai ya dogara da ita. In kaka ta wuce, sai 'yan lambuna a bakin fadama da ake ba su ruwa da jigo, matasa kuwa su tafi cirani.

A zamanin gwamna Audu Bako, Allah ya ji ƙansa, aka gina madatsar Tiga a kan kogin Kano, aka kammala ta a 1974, daidai lokacin da fari ya addabi Arewa. Daga nan aka janyo ruwa ta magudanai zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are, wadda aikin ya koma hannunta.

Gwamnati ta fi sa rai da alkama, musamman bayan da ta hana shigo da ita a 1987. Amma manoma da 'yan kasuwa sun bi abin da ke da masu saye, wato shinkafa da damina, tumatir da albasa da masara da rani. Sai sana'o'i suka yi ta tsirowa a gefen gona. Mata suka riƙe gumin shinkafa a cikin gidaje, masu ƙananan injinan casa suka cika garin Kura, ga dillalai da masu saƙa kwanduna da 'yan dako da direbobin da ke kwasar tumatir daga Kwanar Gafan zuwa Legas. Abin da bai sami mai saye ba, a yanka shi a shanya ya zama kauɗa.

A 2016 kamfanin Dangote ya buɗe masana'antar tumatir a Kadawa, amma a shekarar tsutsa ta cinye gonaki, masana'antar ta tsaya saboda rashin kaya. Ƙananan 'yan kasuwa kuwa, da ɗan jarinsu da bashin da ake bayarwa bisa amana, suka ci gaba da juyawa har kasuwa ta farfaɗo.

Wannan arziki duka a kan ruwa ɗaya yake. In yashi da kacalla suka toshe magudana, manomin ƙarshen layi ne zai fara rasa ruwa, daga shi sai mai gumi da mai inji. Saboda haka yashe magudana da biyan kuɗin ruwa haƙƙi ne na maƙwabtaka. Allah ya albarkaci nema.