Tsakanin Gana da Najeriya, Ina Aka Fi Jin Daɗi?

Kwanan nan musu ya yi yawa a bakin masallaci tsakanin samarinmu, wai Gana ta fi Najeriya daɗin zama. Mu nan Agege bai kamata a yi mana wannan gardama da ka ba, don ƙafafun iyayenmu sun auna ƙasashen biyu.

A da can, arziki yamma yake. Fatake na tashi daga Kano su yi watanni a hanya zuwa Salaga saboda goron Gwanja. Da Gana ta samu 'yanci a 1957, babu ƙasar da ta kai ta noman koko a duniya. Wanda ya dawo daga zangon Kumasi a lokacin, ai daga rigarsa ake gane shi.

Sai ga Nuwamban 1969. Gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice. Hausawa da Yarbawa suka sayar da rumfuna da gidaje a wulaƙance, wasu ma a can aka haife su, ba su san kowa a nan ba. Zangonni irin namu ne suka buɗe musu zaure.

Ba a yi shekara goma ba reshe ya juye da mujiya. Kuɗin fetur ya hau daga 1973, aka yi rabon Udoji, naira ta fi dalar Amurka daraja. Can kuwa zamanin Acheampong sabulu da sukari sai a bayan fage, abin da suke kira kalabule, kuma a 1977 farashin kaya ya ninka cikin shekara guda. Malaman makaranta, teloli, masu gyaran takalmi, duk suka kwararo Ikko. Yawansu a unguwar nan ya kai har a Gana in an ce wane ya tafi Agege, to Najeriya ake nufi.

A Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta yi irin abin da Busia ya yi, wa'adin ma mako biyu ne. Kimanin mutum miliyan ɗaya suka koma, kuma suka tarar da fari da gobarar daji da yunwa. A ganinmu wannan ba ramuwa ba ce, zalunci ne aka maimaita, kuma talaka ne ya sha duka biyun. Jakar nan da muke zuba kaya a ciki har yau sunan ranar take ɗauke da shi.

To yanzu samari na cewa sidi ta fi naira nauyi. Ku tuna a 2007 sifili huɗu aka goge mata, kuma a ƙarshen 2022 hauhawar farashi a can ta haura kashi 50 cikin ɗari. Wutar lantarki kam sun fi mu, ba musu. Amma mai shirin tafiya ya fara tambayar 'yan'uwa a Nima nawa ne hayar ɗaki, kuma kuɗin wata nawa mai gida ke karɓa kafin ya miƙa makulli.