Daga Celtel zuwa yau: tarihin salula a ƙasar Arewa, da amsar da na ba wani dattijo



Ran nan bayan mun rufe shiri wani dattijo daga wajen Gesheme ya kira ni. Ya saida wakensa, kuɗi na aljihu, yana son salula babba wadda zai riƙa ganin jikokinsa da ke Legas. Ya ce: "Ɗana, kai da kake cikin waɗanga abubuwa, wace zan saya, kuma layin wa zan sa?" Na ce Baba, ka ba ni kwana biyu. Kuɗin guminsa ne na damina guda, ba a amsa irin wagga tambaya a tsaye. Da na zauna tunani sai na ga amsar tana cikin tarihin da munka gani da idonmu, shi ya sa na ce bari in rubuta shi nan kowa ya samu.

Mu da munka tashi a shekarun 1990 mun san lokacin da saƙo ke tafiya da ƙafa. Ɗan cirani ya zauna gaban rikoda ya cika kaset da gaisuwa, ya lissafa sunan kowa har da jariri, ya faɗi yadda za a raba kuɗin da ya aiko, ya ba direba. Kaset ya yi sati a hanya. Ranar da ya iso a shimfiɗa tabarma, gida duka ya taru, tsohuwa na amsa gaisuwar kamar yana jin ta. In rasuwa ce, sai sanarwa a rediyo, kuma sau da yawa mutum ya ji ta bayan an yi sadakar uku. Talho kuwa na gidan waya ne da ofisoshin gwamnati da ƴan telesantir. A ƙasar gaba ɗaya layin bai wuce kamar 2 ga mutum 1000 ba, mafi yawansu ma a Yamai. Kamfanin SONITEL da anka kafa a 1997 shi ke riƙe da su.

A ƙarshen shekarar 2000 gwamnati ta ba kamfanoni biyu izinin salula, Celtel da Telecel. Celtel, na Mo Ibrahim ɗan asalin Sudan, ya fara aiki a 2001, shekarar da MTN da Econet sunka buɗe a Najeriya. SONITEL ma, wanda anka saida rabinsa da ɗoriya ga ZTE na Sin da wani kamfanin Libiya a ƙarshen 2001, ya fito da nasa reshen, SahelCom, a 2002. Rezo ya fara da manyan birane, sannan ya bi kwalta. Shi ya sa garuruwan bakin babbar hanya irin su Dutsi da Kore Mairuwa sunka riga na cikin daji, kuma har gobe alamar wannan rabo ba ta gushe ba.

Ina CEG lokacin da salula ta fara yawa a Dutsi. Mai ita ba ya sa ta aljihu, a ƙugu yake rataya ta kowa ya gani. Nokia 3310 ce sarauniya, daga baya 1100 mai tocila ta zo ta zama fitilar gida. Kiredi da tsada, sai anka ƙirƙiro bip: ka kira ka katse, mai kuɗi ya kira ka. Bip ɗaya "na iso", biyu "kira ni". Malaminmu na lissafi yakan ce bai taɓa ganin yaren da anka koya da sauri haka ba.

Amma kada a ɗauka abin ado ne kawai. Wata malamar jami'a ƴar Amurka, Jenny Aker, ta bi farashin hatsi a kasuwannin Nijar daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa inda rezo ya shiga, bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Da, ɗan kasuwa sai ya hau mota ya je ya ji nawa tiya take, yanzu kira ɗaya ya ishe shi. Manomi ma ya daina saida wake da ido rufe. Ita dai wannan malama ce daga baya ta yi aiki da ƙungiyar CRS a azuzuwan yaƙi da jahilci na jihohin Dosso da Damagaram, inda anka koya wa manya rubutu ta hanyar saƙon salula.

Yanzu ku biyo ni a kan sunaye, don nan ne darasin yake. A 2005 kamfanin MTC na Kuwait ya sayi Celtel a kan dalar Amurka miliyar 3 da miliyan 400. A 2008 anka goge sunan Celtel anka rubuta Zain. A 2010 Bharti na Indiya ya saye, ya koma Airtel. Suna uku cikin shekara goma, amma wanda ke da lamba mai farawa da 96 tana nan hannunsa. Telecel ya koma Moov a ƙarƙashin Etisalat na Daular Larabawa, a 2015 Maroc Telecom ya karɓe shi, a 2021 ya zama Moov Africa. Orange na Faransa ya biya sefa miliyar 30 ya samu izini a ƙarshen 2007, ya buɗe a 2008. A ƙarshen 2018 hukumar haraji ta rufe ofisoshinsa a Yamai kan rigimar kuɗi, a Nuwamban 2019 ya saida komai ga Zamani Com na Mohamed Rissa mai motocin Rimbo da Moctar Thiam, ga shi yau Zamani Telecom. SONITEL da SahelCom kuwa sun dawo hannun gwamnati, anka haɗe su a 2016 sunka zama Niger Télécoms. Har yanzu akwai tsofaffin da za su aiki yaro ya sawo musu "katin Celtel", kuma mai shago ya gane.

Duk wanga sauye-sauye a Kuwait da Indiya da Maroko da Faransa anka yi su. Abin da ya iso ƙauyenmu shi ne sabon fenti a bangon shago da sabuwar waƙar talla, wadda mu ƴan rediyo muke sakawa, ban musa ba. Abin da ke sa kira ya shiga shi ne ƙarfen rezon da ke tsaye kusa da kai, da wutar da ke ciyar da shi. Ƙasarmu kuma ba shimfiɗaɗɗiya ba ce. Akwai kwarin Dallol Mawri, akwai tudu, akwai duwatsu. Layin da ke cika sanda huɗu a tashar Dutsi yana iya ɓacewa bayan dutse ɗaya a hanyar Dogonkiriya ko Sukukutan. Kowane ƙauye ya san wurin rezonsa: bisa wani suri, gindin wani gawo, kan katangar makaranta. Don haka abu na farko da na gaya wa Baba shi ne kada ya tambaye ni, ni ina gari. Ya ari salular maƙwabta masu layi daban-daban, ya gwada su cikin ɗakin da yake kwana, da dare da kuma rana. Kuma tunda hoto yake son gani, ya duba saman allon ko 4G ko 3G ta fito. In harafin E kaɗai ya gani, murya za ta wuce, bidiyo ba zai wuce ba. Airtel ne ya fara buɗe 4G a ƙasar a 2019, amma buɗewa a Yamai daban, isowa Ɗankasari daban.

Na biyu, su wa kake kira? Tun farko kiran cikin layi ɗaya ya fi sauƙi, kuma yawancin forfe da kyautar mintoci a can suke aiki. Wannan ne ya sa mutanenmu sunka rungumi salular Sin mai layi biyu tun kafin manyan kamfanonin Turai su farga. Tecno da Itel, ƴan gida ɗaya ne na kamfanin Transsion, da wannan dabara sunka ci kasuwar Afirka, tare da batiri mai daɗewa. Tun 2006 da lambobinmu sunka koma takwas, biyun farko na gaya maka gidan mutum: 96 zuwa 99 Airtel, 90 zuwa 92 Zamani, 94 da 95 Moov, 93 Niger Télécoms, ban da sababbin da anka ƙaro irin su 88 da 80. Ɗauki lambobi goma da ka fi kira ka ƙirga. Inda sunka fi yawa, can ne babban layinka.

Mu kuma muna da wata matsala da mutumin Yamai bai sani ba, ita ce iyaka. A ƙauyukan gundumar Tibiri da ke fuskantar Bacaka da Kangiwa, salula na iya barin rezon gida ta kama na Najeriya ba tare da ta yi maka sallama ba. Kana zaune ƙofar gidanka ana lissafa ka a matsayin matafiyi, kiredi na zuba. A Nuwamban 2007 Celtel ya shigo da Nijar da Najeriya cikin tsarinsa na rezo ɗaya, abin da ya sauƙaƙa wa ƴan kasuwarmu sosai a lokacin. Amma sharuɗɗa na sauyawa, ka tambayi na yau kafin ka dogara. Abin da ba ya sauyawa shi ne ka shiga saitin salula ka zaɓi rezonka da hannu, ka hana ta zaɓa da kanta.

Sai rajista. A Nuwamban 2013 hukuma ta yanke layukan da ba su da sunan mai su, kusan ɗaya cikin uku na layukan ƙasar. Mutane da yawa sun wayi gari lambar da dangi sunka sani ta mutu. Har yau ina ganin masu sayen layin da anka riga anka yi wa rajista da katin wani, don gudun layi a ofis. Ranar da salula ta ɓace ba za a maido maka lambar ba, tunda a takarda ba taka ba ce. Yanzu kuma da kuɗin cirani ke biyowa ta Nita da Al Izza da Amana, saƙon shaida a lambar nan yake sauka. In kuma wancan mai katin ya aikata wani abu, ko kai ka aikata, an cakuɗa ku.

Game da ita kanta salular, ni ma an taɓa cuta ta, don haka ba daga littafi nake magana ba. Wata shekara a wata kasuwa hayin iyaka na ga babba mai kyalli, kwalinta ya ce ma'ajiya 64, kuɗinta rabin na gari. Na biya ina murna. Ban cika sati ba ta ce ta cika, da hira uku da na ɗauka. Mai gyara ya duba ya yi dariya, ya ce 8 ce anka yi wa kwalliya. Ba rasit, mai tebur kuma ya tashi. Tun ranar nan ba na sayen salula ban danna *#06# ba. Lamba mai tsawo za ta fito, ita ce IMEI, a gwada ta da wadda ke jikin kwali. In sun saɓa, ajiye. A sa layinka a yi kira nan gaban mai shago, a ɗauki hoto, a saurari lasifika, a sa caji a ga tana ɗauka. A karɓi rasit mai ɗauke da wannan lamba. In ta hannu ce, mai ita ya fidda asusunsa na Google gabanka, in ba haka ba ranar da anka goge ta sai ta kulle. Wanda ya ce ya manta kalmar sirri, wataƙila ba shi ne ya sa ta ba, kuma salular sata inda anka same ta nan jandarma ke tsayawa.

Ga mutumin ƙauye batiri ya fi kyamara. Mun gani a Agustan 2023, da Najeriya ta yanke wutar da ke zuwa ta Birnin Kebbi, yadda ko a birni mai faifan sola ya zama sarki. A nemi mai 5000 mAh. A raba ta da zafi, kada a bar ta bisa caji cikin ranar bazara ko ƙarƙashin matashi, nan batiri ke kumbura. Caja mai arha ta jikka guda ta kashe salular jikka sittin ba sau ɗaya ba. Kuma kafin ka biya, ka bi ta wurin yaran da ke gyara a bakin tasha ka tambaye su wace iri ce suke da gilashinta da bakin cajinta. Kayan gyaranmu mafi yawa daga Yamai da Sakkwato da kasuwar Farm Centre ta Kano suke zuwa. Samfurin da ba su sani ba, in ya faɗi ƙasa sau ɗaya, ya zama madubi.

Baba ya yi gwajinsa. A ɗakinsa layi ɗaya kaɗai ya nuna 3G, shi ma sai ya matsa kusa da taga, kuma ba shi ne layin da ya daɗe da shi ba. Ya riƙe tsohon don kira, ya yi rajistar sabo da katinsa, ya sayi matsakaiciya mai layi biyu, canjin da ya rage ya ƙara ya ɗauki ƙaramin faifan sola. Jiya ya kira ni da murna, wai ya ga autar jikokin har ta yi haƙora biyu, sai dai hoton na tsayawa in iska ta taso. Ya ce in tambayar masa ko akwai wani a wajen Dumega ko Tibiri da ya san wurin da ya fi kama rezo. Wanda ya sani ya rubuto da sunan ƙauyensa da layin da ke aiki a can, zan karanta su a shirin mako mai zuwa.