Rawar Kwana a Ƙasar Hausa da ta Barazil: Waiwaye a Kan Kiɗa da Dandali

Gabatarwa

A wani daren Asabar na halarci bikin ɗiyar wani abokina a unguwar Apo da ke Abuja. An yi taron ne a zauren haya, wani matashi yana sako waƙoƙi daga kwamfuta, dangi suna fitowa rukuni-rukuni suna taka rawa ana yi musu liƙi. Ƙarfe goma na cika masu zaure suka fara rage fitilu, kowa ya kama gabansa. A hanyar komawa gida wata gwaggon amarya, wadda ta haura shekara saba'in, ta ce da ni a zamaninsu a wannan lokaci ne makaɗi yake gama ɗaure kalangunsa. Wannan magana tata ce ta haifar da wannan maƙala, wadda za ta waiwayi tarihin rawar kwana a ƙasar Hausa, ta kuma auna shi da na wata rawa ta mutanen Barazil da ake kira zuk.

Dandali da Makaɗansa

Dandali fili ne a tsakiyar gari ko a bakin kasuwa, inda samari da 'yan mata kan hallara da dare, musamman da kaka, bayan amfanin gona ya shiga rumbu, farin wata kuma ya fito. 'Yan mata kan fara da gaɗa, wadda ba ta buƙatar komai sai tafi da murya. Idan masu kalangu suka iso sai wasa ya canza salo. Kalangu asalinsa kiɗan mahauta ne, amma da yake makaɗi na iya matse tsirkiyarsa ya sassauta, har ya kwaikwayi hawa da saukar muryar mutum, sai ya zama shi ne abin kiran kowace yarinya da takenta. Wadda aka kaɗa wa take ba ta da zama. Sai ta shigo fage, samari su yi ta yi wa makaɗi kari.

Wannan taro yana da shugabanci. Akwai sarkin samari, akwai kuma shugabar 'yan mata, su ne masu tsawatawa da sasanta rigima. A lokacin biki kuwa akan yi kwanan zaune, a raba dare ana kiɗa har assalatu, matan aure su ma suna nasu kiɗan ƙwarya a cikin gida. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ta ba da labarin irin wannan rawa ta 'yan mata tun tana ƙarama. Abin lura shi ne, makaɗin da zai riƙe jama'a tsawon dare dole ya san lokacin da zai zafafa kiɗa da lokacin da zai kwantar da shi, domin idan ya gajiyar da masu rawa tun da wuri, to ya kashe wa kansa kasuwa.

Yadda Zuk Ta Samu

A Barazil akwai wata rawa ta mutum biyu mai suna lambada, wadda ta taso daga jihar Para, ta bunƙasa a garin Porto Seguro na jihar Bahiya. A 1989 wata ƙungiyar mawaƙa ta Faransa mai suna Kaoma ta fitar da waƙar da ta kai lambada ko'ina a duniya. Sai dai tashen bai daɗe ba. Cikin 'yan shekaru masu kiɗan suka juya mata baya, aka bar masu rawa da ƙafa ba kiɗa.

A nan ne malaman rawa na birnin Riyo, irin su Renata Peçanha da Adílio Porto, suka yi dabara. Sun ari kiɗan zuk na tsibiran Gwadaluf da Matinik, wanda ƙungiyar Kassav' da aka kafa a 1979 ta shahara da shi, suka ɗora takunsu a kansa. Da yake kiɗan ya fi na lambada sanyi, sai rawar ta yi taushi, ta kuma ɗauki sunan kiɗan da ta ara. Daga baya ma ta wuce shi, domin duk waƙar da za a iya ɗora wa taku ɗaya mai jinkiri da biyu masu sauri ta shiga sahu. Daga nan aka sami tarukan da ake kwana biyu ko uku ana rawa dare da rana, babu darasi babu gasa, masu sa faifai suna karɓeɓeniya. Gwaninsu shi ne wanda ya iya hawa da sauka da kiɗa yadda jama'a ba za su gaji ba, wato dai hikimar mai kalangun dandali.

Inda Hanya Ta Rabu

Abin da ya faru a ƙasar Hausa kishiyar wannan ne: kiɗan ya rayu, fagen ne ya mutu. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya ɗauki kalangu daga dandali ya kai shi gidan rediyo da faifai da gaban sarakuna. Da finafinan Hausa suka kankama a Kano a shekarun 1990, sai fiyano ya koyi muryar kalangu, waƙoƙin gaɗa da dama kuma suka sake bayyana cikin sabuwar riga.

Shi kuwa dandali abubuwa da yawa suka taru suka ci shi. Tun zamanin jihadin 1804 malamai suke sukar cakuɗuwar maza da mata a wurin kiɗa, kuma wannan suka ta ƙara ƙarfi bayan da jihohin Arewa suka faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci daga shekarar 2000. Shirin ilimin firamare na bai-ɗaya na 1976 ya sa yaro kwana da tunanin makaranta. Talabijin da bidiyo, daga baya kuma wayar hannu, sun mayar da hira cikin ɗaki. Gine-gine sun cinye filaye, rashin tsaro kuma ya hana ƙauyuka da dama fitar dare. A unguwa irin Apo, inda maƙwabci bai san maƙwabcinsa ba, fili sai an biya kuɗi, kuma da awa ake ƙidaya shi.

Kammalawa

Ba cewa ake yi a kwaso rawar Barazil a kawo mana ba, domin rungumar namiji da mace a fage ba tarbiyyarmu ba ce, kuma kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Darasin shi ne, mutanen Riyo sun gane cewa taron shi ne jari, kiɗa kuwa ana iya aro. Mu mun adana kiɗan, muka saki taron da a cikinsa yarinya take koyon waƙa da habaici da kunya, yaro kuma yake koyon biyayya ga shugaba. Tsofaffin da suka san taken kalangu da tsarin dandali suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Haƙƙi ne a kan sassan nazarin Hausa su tura ɗalibai su zauna da su, su naɗi abin da ke bakinsu, tun kafin a wayi gari ana jin kalangu a waya babu wanda ya san wa yake kira.