Gulbin da Ya Bar Mana Sunansa

Ina ɗan lakwal a Mayahi, aka tambaye mu ma'anar "gulbi". Na miƙa hannu na ce: wuri ne mai rairayi da goriba. Malam ya yi dariya, amma wallahi ba ƙarya na yi ba, gulbin da na sani ke nan. Sai da na je Yamai karatun kimiyyar harshe, na tsaya bisa gadar Kennedy ina kallon ruwa yana tafiya ba tsayawa, sannan na gane abin da kakannina suke nufi da kalmar.

Gulbin Kaba daga arewacin Nijeriya yake fitowa, ya shigo jihar Maradi, ya ratsa ƙasar Tasawa da ta Mayahi, sannan ya karkata yamma ya koma Nijeriya wajen Gulbin Rima. Masana ƙasa suna kiransa mataccen kwari, don ruwa ya daina bin tsawonsa. Amma ruwan bai tafi duka ba, ƙasa ya shige. Shi ya sa goriba take son wurin, shi ya sa aka jera garuruwa a bakinsa.

To, ku duba tarihinmu, duk bin ruwa ne. Bayan jihadi ya ci Katsina a farkon ƙarni na 19, sarakunanta na Haɓe arewa suka yo, har suka kafa Maradi a bakin wani gulbin. A watan Janairu na 1851 Bajamushen nan Barth ya iso Tasawa tare da ayarin gishiri na Abzinawa. Ayari kuwa ba ya yada zango inda babu rijiya. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta bi ƙasar nan tana ƙone garuruwa, kuma a wajen Maijirgi ajalinsu ya same su. Sunan garin ma abin tunani ne: jirgi na nufin na ruwa, yana kuma nufin komin shayar da dabbobi. Ko wanne ka ɗauka, ruwa ne.

Hausarmu ta bambanta gulbi da ƙorama, ta bambanta tabki da fadama. Mutanen da ba su zauna da ruwa ba ba za su tara masa sunaye haka ba. Har yanzu in damana ta yi kyau tabkunan Tasawa suna cika, yara su yi iyo, a buga bulo da laka in ruwan ya janye.

Abin da ke damuna shi ne rabi na biyu na sunan. Kaba ita ce ƙaramar goriba, da ganyenta iyayenmu mata suke saƙa tabarma, maza su tufka igiya. Bayan farin 1973 da na 1984, gidaje da yawa da ita suka rufa wa kansu asiri, gonaki kuma suka ci cikin kwarin. Kabar da ake yanka kullum ba ta zama goriba, in babu goriba kuma babu ƙwallon da zai ba da sabuwar kaba.

Kakata ta ce da ƙuruciyarta ba a shiga kurmin goribar nan mutum ɗaya. Ni kuwa bara na ratsa shi bisa babur, ina hangen ƙauyen da ke gaba.

'Yan uwa ɗalibai, hutun nan kowa ya ɗauki littafi ya zauna gaban tsofaffin garinsu, ya rubuta sunan kowane tabki da kowace tsohuwar rijiya, da wanda ya gina ta. Kuma in ka ga kaba a gonar gidanku, ka roƙi baba ya bar ko guda uku su tashi.