JIRGIN CIKIN GARIN IKKO: ALKAWARIN DA YA SHEKARA 41

Kwanakin baya na shiga jirgin ƙasan nan na cikin gari da ake kira Jan Layi, daga Agege zuwa Oyingbo, ni da wani ɗana. Yaro sai murna yake, wai an kawo sabon abu. Na ce da shi, "Kai yaro, maganar jirgin nan ta girme ka nesa ba kusa ba." Dalili ke nan na ga ya kyautu in rubuta ɗan tarihinsa, don na baya su sani.

Da farko dai, mu Hausawan Agege ba baƙin dogo ba ne. Turawa sun kai shi Badun daga Ikko a 1901, a 1912 kuma jirgi ya fara zirga-zirga har Kano. Ta nan iyayenmu da yawa suka sauko, ana loda huhunan goro zuwa Arewa, ana sauke shanu. Amma wancan jirgin doguwar tafiya ne. Cikin gari kuwa sai molue da danfo: mutum ya yi sammako ya nufi Idumota, hantsi ya dubi ludayi yana nan tsaye cikin gosulo a Oshodi.

Wanda ya fara ɗaura ɗamarar magance wannan shi ne Alhaji Lateef Jakande, gwamnan Jihar Legas daga 1979 zuwa 1983. Ya shirya jirgi mai aiki da lantarki, aka raɗa masa suna Metroline, zai tashi daga Marina ya ƙare a Agege, aka ba wasu kamfanonin Faransa kwangila. A 1983 Shugaba Shehu Shagari ya zo ya ƙaddamar da aikin. Lokacin ina yaro a makarantar Islamiyya. Ba na mantawa, mahaifina, Allah Ya jiƙansa, yana lissafi a rumfar goro, wai in jirgi ya zo zai je Marina ya komo kafin azahar.

To, ana bikin duniya ake na kiyama. A ƙarshen watan Disamba na wannan shekara soja suka karɓi mulki, a 1985 kuma gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta soke aikin. Ƙasa na cikin matsi a lokacin, kuɗin mai ya faɗi, ga bashi ya yi katutu. Har yau ana gardama, wasu su ce tilas ce ta sa, wasu su ce kuskure ne. Ni ɗan kasuwa ne, abin da na sani shi ne an ƙiyasta asarar sama da dala miliyan 78, wato mun biya kuɗi ba mu karɓi kaya ba.

Magana ta kwanta sai 2002, zamanin Gwamna Bola Tinubu, aka kafa hukumar sufuri ta LAMATA. Gwamna Fashola ya fara ginin Shuɗin Layi, amma bai fara ɗaukar fasinja ba sai ranar 4 ga Satumba, 2023, zamanin Gwamna Sanwo-Olu. Kashinsa na farko kilomita 13 ne, daga Marina zuwa Mile 2, tashoshi 5. Da lantarki yake aiki. A Landan da Alƙahira irin wannan jirgi yakan bi ta ƙarƙashin ƙasa, namu kuwa wajen Marina bisa ginshiƙai aka ɗora shi, ya ƙetare ruwa.

Jan Layi shi ne ya ratsa ta ƙofarmu. An ƙaddamar da shi ranar 29 ga Fabrairu, 2024, ya fara jigila ranar 15 ga Oktoba. Tsawonsa kilomita 27, tashoshi 8: Agbado, Iju, Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin, Yaba da Oyingbo. Shi da man dizal aka fara shi, kuma hanya ɗaya yake bi da jirgin Badun, saboda haka kowa da lokacinsa. An gina gadojin sama a Ikeja da Mushin da Yaba da Oyingbo don kada mota ta riƙa gittawa dogo. Babu kwandasta, babu ciniki, babu "ba ni canjina". Kati ne ake kira Cowry, ka zuba masa kuɗi, ka ɗora a ƙofa ta buɗe maka. In ka makara kuwa, ba ya jiran Alhaji.

Jama'a, ga inda nake so mu yi hattara. Mun saba da tsohon jirgi mai tafiyar hawainiya, har aka mai da gefen dogo kasuwa, ana baza tumatir da gwanjo, yara na tsallakawa. Wannan na yanzu ba haka yake ba. Mu ja kunnen yaranmu da masu ɗaukar mana kaya, riba ba ta kai rai ba.

Ranar da na sauka a Oyingbo ban cika awa guda a hanya ba, sai na tuna lissafin mahaifina a rumfar goro. Bai ga jirgin ba, jikansa ya shiga. Allah Ya jiƙan magabata, Ya sa abin ya ɗore, amin.